Me ya sa kwamfutar makaranta ke jan ƙafa lokacin shigar da maki?

Duk ƙarshen zango, mu malamai kan yi cirko-cirko a ofis muna jiran kwamfuta ta karɓi makin ɗalibai. Nan da nan sai ka ji an ce ai ta tsufa, a sayo sabuwa. Alhali sau da yawa matsalar ita ce an jibge duk fayilolin rumbun bayanai a faifai ɗaya.

Mu ɗauki PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai ta kyauta. Kafin ta taɓa jadawalin maki, sai ta fara rubuta kowane canji bi da bi a wani kundi mai suna WAL. Shi ke ceton aikinka in an ɗauke wuta. Makin kuwa yana warwatse ne a shafuka masu kilobayit 8 kowanne. To, faifai mai juyawa, ko da sau 7,200 yake juyi a minti, hannu ɗaya gare shi na karatu da rubutu. In kundin da jadawalin suna wuri ɗaya, hannun ya dinga kai-kawo ke nan, kamar malamin da aka ba aji biyu a lokaci guda.

Gyaran bai kai kuɗin sabuwar kwamfuta ba. A ba kundin faifansa shi kaɗai. Jadawalin bana ya koma SSD, wanda ba shi da hannu balle ya yi yawo, makin shekarun baya ya zauna a tsohon faifai. Tsaga faifai ɗaya zuwa C da D kuwa wahalar banza ce, hannun dai ɗaya ne.

Kuma don Allah kar wani ya goge fayilolin WAL wai yana neman wuri. Rumbun na iya ƙin buɗewa, makin yara kuma yana ciki.