Jika a Cikin Waya: Yadda Tsufa Ke Sauyawa a Biranen Arewa

Duk wanda ya saba sallar la'asar a masallacin unguwa a Kano ko Kaduna ya san abin da ke biyo bayan sallama. Matasa su zari takalma su fice, dattawa uku ko huɗu su rage a kan tabarma. A da carbi ne a hannu, ko 'yar rediyo ana jiran labarai. Yanzu sai ka ga ɗaya ya laluba aljihu ya zaro waya, ya ɗora tabarau a karan hanci, ya miƙa wa na kusa da shi: "Alhaji, ka ga takwarana, jiya ya fara tafiya." Yaron yana Abuja, ko Legas, ko Jidda. Rabon kakan da ya ɗauke shi tun ranar suna.

Ba a taɓa yin zamanin da tsohon Bahaushe ya mallaki hotunan jikokinsa kamar yau ba, ba a kuma taɓa yin zamanin da ya rasa ɗuminsu kamar yau ba. Masu ɗora wa waya laifi suna da yawa, amma a ganina ta zo ne ta tarar da giɓi ta shige. Giɓin ya girme ta.

Dattawan da ake magana a kansu su ne waɗanda suka shiga aikin gwamnati bayan an ƙirƙiro jihohi a 1967, da malaman da aka ɗiba lokacin shirin ilimin firamare kyauta na 1976, da ma'aikatan masaƙun Kaduna da masana'antun Bompai da Sharaɗa. Ƙa'idar aikin gwamnati ta ce mutum ya ajiye aiki idan ya cika shekara 60 a duniya ko 35 yana aiki. Da yawansu tun suna da ƙarfi suka bar gidan gado na cikin gari, suka sayi fili a Hotoro ko Rijiyar Zaki ko Barnawa, suka yi gini irin na zamani: katanga mai tsayi, ƙofar ƙarfe, falo. Ba soro. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, domin a soro tsoho yake yin tsufansa. Nan yake karɓar gaisuwa, nan ake kawo masa ƙarar ma'aurata, nan yaran gida suke ratsawa su durƙusa kafin su wuce. Falo sai an ƙwanƙwasa, sai an yi iso, kuma ba kowa ke son a ce ya cika zuwa ba.

Sannan suka yi wa 'ya'yansu abin da kowane uba ke fata, suka ba su ilimi, ilimin kuma ya tafi da su. Tun da gwamnatin tarayya ta koma Abuja a Disambar 1991, can ne mafi yawan aikin ofis mai tsoka yake. Da farko abin bai yi zafi ba, ana zuwa gida ƙarshen wata. Sai garkuwa da mutane ta addabi hanyar Abuja zuwa Kaduna, har jirgin ƙasan da aka koma wa aka kai masa hari a watan Maris na 2022. Bayan nan aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, ba ta kuma tsaya nan ba. Mai iyali biyar da ke zuwa duk wata ya koma zuwa sallah-sallah. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, to ƙafar ce ta yi tsada.

A nan waya ta samu shiga. Layukan salula sun zo Nijeriya a 2001, amma abin da ya kama tsofaffi sosai shi ne saƙon murya, da kuma kiran bidiyon da WhatsApp ya fara a 2016. Ba sai ka iya boko ba. Hajiyar da ba ta taɓa rubuta wasiƙa ba tana iya danna alamar makirufo ta jero gaisuwa da addu'a na minti biyar, ta aika wa zuri'arta kaf a zauren iyali.

Abin mamaki shi ne yadda alaƙar waɗannan mutane da hoto ta juya. Iyayensu da yawa sun rasu ba su bar komai ba sai hoton fasfo na aikin hajji. Su kansu a ƙuruciyarsu hoto al'amari ne na musamman: a yi kwalliyar sallah, a kira mai hoto, a jera a ƙame, a jira kwanaki kafin a wanko, a saka a albam. Wasu kuma ko kusa ba sa yarda a ɗauke su, saboda abin da suka ji daga malamai game da hukuncin surar mai rai. Wannan saɓani bai ƙare a littafi ba, amma a aikace ya yi sanyi. Banki ya nemi fuska don BVN tun 2014, katin zaɓe ya nema, lambar ɗan ƙasa ta nema, malamai kuma ga su nan kai tsaye a Facebook duk azumi suna tafsiri. Dattijon da ya taɓa korar mai hoto daga ƙofar gidansa, yau shi ke tambaya me ya sa ba a turo masa na walimar ba.

Amfanin a fili yake, kuma bai kamata a raina shi ba. Tsohuwar da ɗanta ke Saudiyya tana ganin fuskarsa duk Juma'a. Abokan makaranta da suka rabu shekara 40 sun sake haɗuwa a zauren tsofaffin ɗalibai, suna tura wa juna hotunan fari-da-baƙi, suna sanar da rasuwa, suna haɗa gudummawa ga wanda ciwo ya kwantar.

Sai dai akwai abin da ba ya bin waya. Wasan kaka da jika, inda kaka ke kiran jikanta "maigidana" tana yi masa gorin bai kawo cefane ba, shi kuma yana tsokanarta da cewa ta tsufa zai yi mata kishiya, wasa ne da ake koyo a kan tabarma ɗaya. Ta nan yaro ke tsintar karin magana da tatsuniya da sanin wane ne wane a dangi. Jikan da ya tashi a Gwarinpa yana ganin kakarsa a allon waya minti biyu, ya ce "ina wuni" da ƙyar, ya ruga. Hoto kuma yana ba mu uzurin da ba mu da shi a da: mun tura, an gani, an sa albarka, sai mu ji kamar mun je. Alhali tsoho idan za a ɗauke shi yakan gyara hula ya yi murmushi. Kumburin ƙafa ba ya fitowa, haka maganin hawan jinin da ya ƙare tun makon jiya. Ga shi hotunan ma ba su da tabbas. Albam yakan yi shekara 50 a ƙasan adaka, amma waya ɗaya da aka ƙwace ko ta faɗa ruwa tana tafiya da tarihin gida na shekara biyar.

To in tsoho ya gaji da kallon allo, ina zai je ya zauna? A ƙasashen Turai amsar ita ce lambun shaƙatawa na unguwa, da bencinsa da inuwarsa. Mu ma muna da wuraren da ake kira haka: gidan zu na Kano da aka kafa zamanin Gwamna Audu Bako, da Gamji Gate a bakin kogin Kaduna, da Millennium Park na Abuja da aka buɗe a 2003. Amma waɗannan wuraren zuwa ne da yara ranar sallah, sai an hau abin hawa, wasu sai an biya kuɗin shiga. Ba su ne dattijo mai ciwon gwiwa ke buƙata ba. Lambunsa na asali shi ne gindin darbejiya ko durumin da ke ƙofar gida, da dakali, da filin unguwa. Su kuwa aka fi ci. An sare bishiyoyi don faɗaɗa titi, an cike kududdufai an yi gini, an yanka filaye an yi shaguna. Ko filin idin Kano bai tsira ba, sai da aka kewaye shi da kantuna, har gwamnatin da ta hau a 2023 ta rushe su, rigimar ta kai kotu.

Nauyin duka sai ya koma kan masallaci. Tattaki sau biyar a rana shi ne motsa jikin yawancin dattawa, sahun farko kuma shi ne rajistarsu: wanda ba a gani ba asuba biyu a jere, za a aika a dubo shi. Babu wata hukuma da ke yin wannan aiki, duk da cewa akwai cibiyar kula da dattawa ta ƙasa da aka yi wa doka a 2017, ta fara aiki a 2021. Amma masallacin unguwa rabin tsofaffin kawai yake ɗauka. Mata su ne suka fi asara da aka bar babban gida, inda tsohuwa ke kewaye da surukai da jikoki daga safe har dare. Abin da ya cece su shi ne Islamiyyar manyan mata. Sukan fita da safe da jakar littattafai, su ga sa'o'insu, su yi adashi, wasu har su sauke Alƙur'ani suna da shekara 70, a yi walima, a ɗauki hoto da allo a hannu. Wadda ƙafarta ta daina kai ta can, daga ita sai ɗaki da waya.

Har fansho ma ya bi ta hoto. Hukumar PTAD, mai biyan waɗanda suka yi ritaya a tsohon tsarin tarayya, ta fito da hanyar da ɗan fansho zai nuna fuskarsa a waya lokaci-lokaci don a tabbatar yana raye, maimakon dogon layin tantancewa da ya sha kayar da tsofaffi a rana. Sauƙi ne na gaske. Sai dai ana buƙatar wanda zai riƙe wayar, ya nemi wuri mai haske, ya ce, "Baba, ɗan ɗago kai." A gidajen da na sani, sau da yawa yaron maƙwabta ne.