Awon Ciki da Nonon Farko

Ya kai ɗalibi, in ka kai wannan mujalla gida ka karanta wa innarka da kakarka wannan shafi, don maganar tasu ce.

Ku sani, nonon da ke fara zuwa bayan haihuwa, mai kauri mai ruwan ɗorawa, shi ake kira dakashi. A ƙauyukanmu na Isa da Sabon Birni akwai gidajen da ake tatse shi a zubar, wai dauɗa ce, a yi ta ɗura wa jinjiri ruwa ko nonon akuya har kwana uku. Wasu ma sai sun jefa tururuwa cikin nonon, in ta mutu a ce ba shi da kyau. Subhanallahi! Ai ko cikin ruwa ta faɗa tana iya mutuwa. Dakashin nan ɗan kaɗan ne, amma cikin jinjiri ma ɗan mitsitsi ne, ya ishe shi. Kuma cikinsa Allah Ya sanya kariya daga gudawa da ciwon huhu.

To, mai haihuwar fari yaushe za ta san wannan? Ranar naƙuda ba ranar karatu ba ce, abin da ungozoma da tsofaffi suka ce shi za a yi. Shi ya sa ake koyarwa tun wurin awo: a sa yaro ga nono cikin awa ɗaya da haihuwa, ya kama har baƙin da ke kewaye da kan nonon, kuma yawan tsotso shi ke kawo ruwan nono. Wadda ta ji wannan tun da ciki ba ta firgita ranar da aka ce nononta bai zo ba.

Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da wata 6 na nono zalla, ko ruwa babu. Za ku ce, da zafin bazarar Gobir? Nono kansa wajen kashi 87 cikin 100 ruwa ne. Uwar za a ba ruwa ta sha ta ƙoshi. Ruwan rijiya kuwa sau da yawa shi ke jawo wa jinjiri zawo.

Ku kuma magidanta, aya ta 233 cikin Suratul Baƙara da ta ambaci shayarwar shekara 2, ita ce ta ɗora wa uba ci da tufafin mai shayarwa. A ganina kuɗin zuwa awo ba su yi nisa da wannan ba. In za ta tafi goyon ciki gidansu, ta tafi da katin awonta, kuma ranar awo innarta ta raka ta, ta ji da kunnenta, tunda ita za ta karɓi jinjirin.