Tantaƙwashi da Ganye: Abincin Dare na Gaggawa ga Mai Rage Tuwo

A cikin shekarar 1863 wani mutumin birnin Landan mai suna William Banting, wanda sana'arsa shirya jana'iza ce, wanda kuma ƙiba ta matsa masa har ba ya iya sunkuyawa ya ɗaure igiyar takalminsa, ya wallafa wata 'yar risala inda ya bayyana yadda ya sami sauƙi bayan likitansa ya hana shi burodi da sukari da dankali, ya bar masa nama da kifi da ganye. Wannan ra'ayi ya yi ta lafawa yana tashi har 1972, sa'ad da wani likitan Amurka, Robert Atkins, ya fitar da littafin da ya shigar da shi gidajen mutane bila adadin. Asalin mas'alar kuwa mai sauƙin fahimta ce, domin duk abincin da ke da gari ko zaƙi, da tuwo da shinkafa da taliya da doya, sukari yake komawa a cikin jini bayan an ci, saboda haka wanda ya rage shi ya rage wa jikinsa wani nauyi.

A Amurka, inda a gidaje da yawa miji da mata duka sai almuru suke dawowa daga aiki a gajiye, masu bin wannan tsari sun yi riƙo da wata tsoka ta alade wadda ba ta cika wuce rabin kilo ba, ga araha, ga ta tana nuna kafin rabin sa'a. Ga musulmi babu magana a nan, tun da haramcin alade nassi ne ƙarara a cikin Suratul Baƙara da Suratul Ma'ida, fuƙaha'u kuma ba su yi saɓani a kansa ba. Amma Allah cikin hikimarsa bai keɓe wannan tsoka ga dabba ɗaya ba. Tana nan a jikin sa da rago da akuya, ita ce tantaƙwashin da mahauta kan ajiye wa wanda ya san darajarsa.

Tsoka ce doguwa, guda biyu rak a kowace dabba, kwance a ƙarƙashin ƙashin baya ta cikin ciki, daura da ƙoda. Da yake dabba ba ta tafiya da ita, ba ta kuma ɗaukar kaya da ita, sai ta zama ba ta da jijiya mai tauri irin ta cinya ko wuya, kitsenta kuma kaɗan ne ƙwarai. Wannan laushi shi ne falalarta, shi ne kuma dalilin da ya sa al'adarmu ta zuba nama a tukunya a yi ta tafasa har miya ta haɗu take zaluntar ta, gama abin da doguwar wuta ke yi wa ƙafar sa na alheri, ga tantaƙwashi ɓarna ce tsantsa: ruwansa ya tsiyaye, ya bushe, ya koma kamar igiyar rama a baki. Wanda ke son naman, sai ya yi wa mahauci magana tun da sassafe, kafin masu suya su riga shi. In da firji da wuta tsayayya, ya bar naman ya kwana ɗaya ko biyu, domin naman yankan yau a sandare yake, sai ya kwana yake saki.

Idan uwargida ta ɗauko shi za ta ga wata farar yana mai sheƙi a manne da gefe guda. Sai ta zura bakin wuƙa mai kaifi ƙarƙashinta, ta kama lebatun da yatsu, ta feɗe ta a hankali, domin wuta ba ta narkar da ita, sai dai ta ƙanƙance ta murɗe naman. Sa'an nan ta yanka shi a gicciye, kowane yanki kaurin yatsa biyu, ta tsane shi sarai da tsumma mai tsabta, ta shafa gishiri da dakakkiyar citta da tafarnuwa da masoro. Tsanewar nan wajibi ce, ba mustahabbi ba, saboda jiƙaƙƙen nama dahuwa yake yi a cikin ruwansa, ba ya soyuwa.

A ɗora kasko mai kauri a wuta mai ƙarfi, a zuba man gyaɗa cokali biyu, a jira har ya soma motsi. A jera yankan da tazara a tsakaninsu, kada a cika kaskon, kada kuma a taɓa su har minti 3 ko 4, lokacin da ƙasansu zai yi ja ya saki kaskon don kansa. Sai a juya, a ba ɗaya gefen kwatankwacin haka. Yajin ƙuli kuwa a bar shi sai an sauke, tun da ƙonewa yake yi ya yi ɗaci. Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta ƙayyade cewa cikin irin wannan nama ya kai digiri 63 a ma'aunin Salshiyas, a kuma bar shi ya huta minti 3 kafin a yanka. A ƙasarmu, inda ba kowace dabba ce likita ke dubawa kafin ta isa teburin mahauci ba, inda kuma tsila ke shiga cikin mutum ta hanyar naman sa wanda bai nuna ba, ni dai ra'ayina a ƙara masa ɗan lokaci har jan tsakiyarsa ya gushe, ko da laushin zai ragu kaɗan.

Yayin da naman ke hutawa a rufe, kada a wanke kaskon, domin abin da ya kama a gindinsa shi ne rabin daɗin abincin. A zuba albasa da tattasai da attaruhu, a yayyafa ɗan ruwa a kankare, a kawo kabeji ko alayyahu da 'yar daddawa, a juya minti 5, a matsa lemun tsami. Zogale ma ya dace, sharaɗin dai a riga an dafa shi. Tsakanin magariba da lisha an gama komai, an ci an ƙoshi ba tare da malmalar tuwo ko ɗaya ba.

Sai dai nama ya yi tsada, ba kuwa kowane magidanci ne zai iya wannan kullum ba. Ƙirjin kaza da kifi da ƙwai suna iya tsayawa a madadinsa bisa wannan hanya. Kuma ya mai karatu, in kana shan maganin ciwon sukari ko kana yin allurar insulin, ko kuwa kana da larurar ƙoda, kada ka yanke tuwo da shinkafa farat ɗaya sai ka shawarci likitanka, domin sukarin jini yana iya faɗuwa har ya kai mutum ga suma.