Kututturen gona ba na tugewa ba ne

Ƴan uwa mata, lokacin sassabe ya matso, shi ya sa wannan karon muka ɗauko maganar itace. Mu ne masu zuwa iccen wuta, mu ne masu neman ganyen miya. In daji ya ƙare, ƙafarmu ce ke fara sani.

A wasu ƙungiyoyinmu, in an gama zubin asusu, mata biyu ko uku kan zaga gidaje, ba a biyansu ko dala, suna yi wa maƙwabta bayanin sassabin zamani. Dabarar ta soma yaɗuwa a jahar Maradi wajajen 1983. Kututturen sabara, kalgo ko magarya da ya tofo, ba a tuge shi. A zaɓi rassa uku zuwa biyar masu ƙarfi a bari, a sare sauran a kai murhu. Saiwar na nan da ranta, ba ta neman ban-ruwa kamar dashe.

Maigida zai ce inuwa na kashe hatsi. To, a nuna masa gawo: da damina yake kaɗe ganye, hatsin gindinsa ya fi na fili kyau, da rani kuma awakinmu su ci ƴaƴansa. Anza kuwa, a tambayi tsofaffi wa ya riƙe gida shekarun yunwa.

Babbar matsala masu saran dare ce. A Ɗan Saga, wajen Agiye, kwamitin gari ke tsaron itatuwa, da mata a ciki. Kowace ƙungiya ta kai maganar gaban maigari kafin ruwa ya sauka.