Laburaren da Ya Cinye Datar Abokina

Bara na rubuta wani ɗan laburare da harshen Python, mai lissafa ciniki da riba. Abokina da ke koyon rubuta manhaja a waya ta Termux ya ce zai gwada. Can da yamma ya turo saƙo: data ta ƙare, abin kuma ya ƙi hawa. Laifina ne. Saboda aiki ɗaya tak, wato zana jadawalin riba, na sa matplotlib cikin kayan da dole a sauke, shi kuma ya jawo NumPy da Pillow da sauransu. Abokin nawa ko zanen ba ya buƙata.

Laburare kod ne da wani ya riga ya rubuta don wasu su ɗora aikinsu a kai, kuma sau da yawa shi ma yana jingina da wasu laburarorin. Su ne kayan dogaro. Akwai na dole, waɗanda in babu su komai ba zai motsa ba. Akwai na ganin dama, masu hidimar wani ɓangare kawai.

Dubi yadda pandas ke yi. Yana karanta fayil ɗin Excel, amma ba ya ɗora wa kowa openpyxl. Sai ranar da ka kira read_excel ba ka da shi zai tsaya ya faɗa maka sunan abin da ya rage. Tun fitowar pandas 2.0 a 2023 ma, mai son wannan ɓangaren zai iya rubuta pip install "pandas[excel]" tun farko.

Haka na gyara nawa. Na mayar da matplotlib sashen optional-dependencies a fayil ɗin pyproject.toml, sannan na ɗauke layin import daga saman fayil zuwa cikin aikin zanen kansa. In ba a same shi ba, ina kama ImportError in nuna wa mutum ainihin umarnin da zai rubuta. Nan ne da yawa ke kwafsawa: su kama kuskuren su yi gum, mutum ya nemi zane ya ga wayam, bai san dalili ba. A wurina gara manhaja ta faɗi da ƙara da wannan shirun.

'Yan JavaScript ku lura, optionalDependencies na npm daban yake. Shi yana ƙoƙarin saukewa, in ya gagara ya wuce, kamar fsevents da ke aiki a macOS kaɗai.

Wahalar tsarin ita ce gwaji ya ninku. Kwamfutata cike take da laburarori, don haka komai zai yi aiki a kanta. Yanzu kafin in saki sabon zubi sai na buɗe venv fanko na gwada ba tare da matplotlib ba, sannan in sa shi in sake.