Uwargida, Nuna wa Ruwa Hanya Tun Bai Zo Ba

Yau filin namu zai leƙa gidajenmu na ƙauye, domin bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗowa daga gabas. Ruwan da ke rushe katanga shi ne dai ke raya fure, saboda haka aikin uwargida shi ne ta sa a nuna masa inda zai bi.

Gyaran gida nauyin maigida ne, amma ke ce mai shara safe da yamma, ke za ki fara ganin ɓarna. To, ki zagaya ki duba bangon gabas tukuna, don shi ne iska da ruwa suka fi duka. In kin ga tsaga, ko yaɓe ya ɓaɓɓake, ko gindin katanga ya zaizaye, ki faɗa wa maigida tun da sauran rana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka yake.

A sa magini ya hau soro ya toshe ramuka, ya sake yaɓe. Iyayenmu da makuba suke yi, watau ruwan ɓawon ɗorawa, domin tana sa ƙasa ta jure wa ruwa. A share indararo, a kuma tabbata bakinsa ya zarce bango sosai. A ƙwanƙwasa azara a ji ko gara ta ci ta. Masu rufin kwano su ƙara ƙusa, domin iskar farkon damina ita ce ta fi yaye rufi. Reshen darbejiya da ya rataya bisa ɗaki a sare shi. Magudanar da ke fitar da ruwa daga tsakar gida kuwa, kada a bar shara ta toshe ta.

Kada a ɗauki wannan magana wasa. A watan Agusta na 1988 ruwa ya yi yawa a ƙasar Kano har madatsar ruwa ta Bagauda ta ɓalle, gidaje masu yawa suka rushe. Watan Agusta ne ƙasa ke ƙoshi da ruwa, ginin ƙasa ya yi laushi. In aka kwana biyu ana ruwa, kika ga bango ya jiƙe har ciki, ko ƙasa na zubowa daga rufi, ki kwashe yara daga ɗakin nan take, ko da tsakar dare ne. Kaya ana sake su, rai ba a sake shi.

Sa'an nan mu zo ga furanni. Kuskuren da mata da yawa ke yi shi ne shuka a gindin katanga, ban-ruwan kullum yana cin ginin a hankali. Ki ja baya kamar taku uku, ki yi ɗan fage inda ruwan indararo zai gangara. Ki zuba takin awaki wanda ya ruɓe, ki kewaye da kara ko ƙaya saboda kaji da awaki.

Ba sai kin nemi irin Turai ba. Lalle reshensa ake dasawa, furensa ƙanana masu ƙamshi, ga kuma ƙunshi ranar salla. Zogale yana da farin fure, ga ganyen kwaɗo. Yakuwa da kuɓewa furensu abin sha'awa ne, ga miya a kusa. Tsohon tulu da ya fashe ma wurin shuka ne, amma ki huda gindinsa, don ruwan da ya kwanta shi ke haifar da sauro.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana gidajenmu da 'ya'yanmu, amin. Sai mako mai zuwa.