Ƙa'idar Shan Mai ta Sababbin Motoci da Yadda Take Iso Haɗejiya

Duk wanda ya tsaya a tashar mota ta Haɗejiya da sassafe zai ga Golf da Sharon da J5 ana yi musu lodin fasinja da buhunan shinkafa, da tattasai, da kwalayen busasshen kifi. Da wuya a sami ɗaya a cikinsu wadda aka saya sabuwa a Nijeriya. Amma yawan man da kowace za ta sha kafin ta kai Kano, tafiyar kimanin kilomita 200, an riga an yanke shi tun shekaru da yawa da suka wuce, a wata ƙasa, wani lokaci ma bisa wata doka da direban bai taɓa jin labarinta ba.

Dokar da ake nufi ita ce ƙa'idar shan mai, watau iyakar da gwamnati ke ɗora wa masu ƙera motoci a kan man da sababbin motocinsu za su sha a tafiyar da aka auna. Amurka ce ta yi suna da ita. Bayan da ƙasashen Larabawa suka hana ta mai a 1973, majalisarta ta kafa doka a 1975. Motocin 1978 aka ce su yi mil 18 da galan ɗaya, na 1985 kuma mil 27.5, watau daga wajen lita 13 a kilomita 100 zuwa lita 8.5. Ba kowace mota ake bi ɗaya-ɗaya ba. A wancan lokaci ana haɗa dukan motocin da kamfani ya sayar a shekara a fitar da matsakaicinsu, in ya gaza a ci shi tara. Saboda haka, a lokacin, kamfanin da ke son sayar da manyan motoci tilas ya sayar da ƙanana da yawa domin su rufa masa asiri. Sai dai dokar ta sassauta wa motocin ɗaukar kaya, kamfanoni kuwa suka bi ta wannan kafa suka cika kasuwa da jif-jif. Tarayyar Turai ta bi ta wata hanya a 2009, ta auna hayaƙi maimakon mai: giram 130 na iskar kabon a kowace kilomita kafin 2015, abin da ya yi daidai da kimanin lita 5.6 na fetur a kilomita 100.

A shekarar da Amurka ta kafa tata dokar, Nijeriya wani hali take ciki dabam. Tsadar da ta girgiza masu sayen mai ita ce ta cika baitulmalin masu sayarwa. A 1975 aka biya ma'aikata kuɗin Udoji, a shekarar kuma masana'antar Fijo ta Kaduna da ta Volkswagen ta Legas suka fara harhaɗa motoci. Gwamnatin Janar Obasanjo ta mai da Fijo 504 motar jami'anta, amma manufar ita ce rage almubazzaranci da ƙarfafa masana'antar gida, ba tsimin mai ba. Lita ɗaya ba ta kai kwabo 20 ba har ƙarshen shekarun 1970, kuma ma'aikacin da ya karɓi bashin mota bai ga dalilin tambayar nawa take sha ba. A lokacin ƙasar tana da masana'antun da za a iya ɗora wa ƙa'ida, amma ba wanda ya ga bukatarta.

Da darajar naira ta faɗi daga 1986, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, kasuwa ta koma hannun 'yan Beljiyam da 'yan Kwatano. Ma'anar wannan ita ce Haɗejiya tana cin gadon ƙa'idar Turai da Amurka da Japan, amma a makare da shekara goma ko goma sha biyar, bayan injin ya gaji. A irin wannan ƙasa, ƙa'idar shan mai ba a masana'anta ake zartar da ita ba. A tashar jirgin ruwa da kan iyaka take, a hannun kwastan, ta hanyar iyakance shekarun motar da za a shigo da ita da kuma harajin da za a ɗora mata.

Wannan ne ministocin ƙasashen ECOWAS suka fuskanta da suka taru a Wagadugu a watan Fabrairu na 2020. Sun amince da shirin rage matsakaicin shan man motocin da ake shigowa da su daga lita 8 a kilomita 100 zuwa lita 5 a 2025, sa'an nan lita 4.2 a 2030. Abin lura, lita 8 ɗin nan ba ta da nisa da abin da Amurka ta nema tun 1985. In aka auna da hanyar Kano, motar lita 8 za ta sha lita 32 zuwa da dawowa, ta lita 4.2 kuwa wajen lita 17. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, a 2024 ta wuce 1,000 a wurare da yawa. Lita 15 ɗin da ke tsakani, a farashin naira 1,000, naira 15,000 ke nan a sawu guda, kuma a kan fasinja da buhun tattasai ake raba su.

Amincewa a takarda abu ne guda, zartarwa kuma wani abu ne. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, alhali Jigawa tana da iyaka da Nijar a Maigatari. Ban da haka, duk ƙa'idar da ta tsaurara shekarun mota tana ɗaga farashinta, direban da bai iya sayen mai ƙarancin shekaru ba kuwa sai ya ci gaba da gyaran tsohuwarsa, wadda ta fi kowace shan mai. Adadin da kamfani ke bugawa ma a ɗakin gwaji aka same shi; bai san motar mutum biyar mai ɗauke da bakwai ba, bai san hanyar da ambaliyar damina ta cinye ba.

Akwai kuma man da wannan ƙa'ida ba ta gani ko kaɗan. A fadamun Auyo da Kirikasamma da Guri, fetur mai yawa ba a mota yake ƙonewa ba. A ƙananan injinan ban-ruwa yake, waɗanda noman rani na shinkafa da alkama ya dogara a kansu, da kuma baburan da ke fito da amfanin gona zuwa bakin titi. Shi ya sa bayan 2023 wasu manoman suka juya injinansu zuwa gas na girki, wasu kuma suka nemi famfo mai aiki da hasken rana, ba tare da wata doka ta umurce su ba.